Wayar tangaraho: aikin Morse ce ko ta masana kimiyya?

Malam Bala: Ni dai har gobe ina kan bakata. Wayar tangaraho aikin Samuel Morse ce, kuma mutumin nan mai zanen hoto ne, ba malamin kimiyya ba. A 1844 ya buga saƙo daga Washington zuwa Baltimore. Masu dabarar hannu ne ke ƙirƙira, malaman jami'a su biyo baya da bayani.

Zainab: Malam, a gafarce ni, ban yarda ba. Da me Morse ya yi aikin? A 1820 Oersted, masanin kimiyya na Denmak, ya ga allurar kamfas ta karkata da lantarki ya bi wata waya kusa da ita. Nan aka gane wuta na iya motsa abu daga nesa. A 1833 Gauss da Weber, su ma malaman jami'a, sun riga sun ja waya a garin Göttingen na Jamus, suna aika wa juna saƙo.

Malam Bala: To, wa ya kai ta kasuwa har mutane suka biya kuɗi?

Kawu Idi: Nan kam kana da gaskiya, Bala. Amma dubi 1858, da aka shimfiɗa waya a ƙarƙashin Tekun Atlantika. Saƙon Sarauniya Victoria, kalma 98 kacal, sai da ya ci kusan awa 16. Whitehouse, mai kula da lantarkin kamfanin da ya shimfiɗa wayar, ya yi ta tura wuta mai ƙarfi, cikin makonni kaɗan waya ta mutu murus. Alhali William Thomson, malamin kimiyya a jami'a, ya riga ya lissafa cewa doguwar waya a cikin ruwa tana jinkirta saƙo, don haka a yi mata jan ƙarfe mai kauri. Na'urar da Thomson ya ƙera don karanta saƙon ɗan madubi ce da maganaɗisu a bayansa: wuta kaɗan ta shigo, madubin ya juya, ɗigon haske ya gusa dama ko hagu, ma'aikaci ya karanta. Sai 1866, da jirgin Great Eastern, aka samu wayar da ta ɗore.

Malam Bala: Ka ga ke nan, Kawu, matsalar wayar ce ta sa Thomson ya zauna lissafi. Sana'a ce ta ba shi tambayar.

Zainab: Tambayar kam ta wayar ce, Malam, na yarda. Amma lissafin da ya ɗauko na masanin lissafi Fourier ne, kan yadda zafi ke ratsa ƙarfe, an buga shi a Faransa tun 1822, shekara 22 kafin saƙon Morse.