Wai fim ɗina farfaganda ne

Ɗan Aji Uku: Jama'a wallahi raina a ɓace yake. Gajeren fim na yi na jarrabawa, minti 12, wata tsohuwa ce zaune a layin asibiti tun asuba katinta duk ya jiƙe da gumi a hannunta, a bangon bayanta ga fostar ɗan takara yana murmushi, a ƙarshe sai murya ta shigo tana bayanin yadda aka yi watsi da talaka. Malamin ya ba ni ƙasa da rabin maki, wai hoto ya yi kyau amma ƙarshen farfaganda ne. Ku gaya min in ba zalunci ba ne wannan.

Mai Kyamara: Farfaganda fa? Wace jam'iyya ka tallata? Mutum ya faɗi gaskiya sai a laƙa masa wannan sunan don a rufe masa baki.

Anti Edita: Ƙanina farfaganda ba sai da jam'iyya ba. Tsohuwar nan da fostar nan sun riga sun gama magana, kai kuma ka kawo murya tana gaya wa mai kallo abin da zai ji, ka hana shi nasa tunanin. Da ni ce zan yanke muryar gaba ɗaya.

Mai Kyamara: To Anti ko da farfagandar ce, fim ɗin Battleship Potemkin na Eisenstein, daraktan Tarayyar Soviet, da ya fito 1925 ba ita ba ce tsagwaronta? Ga shi har gobe ana koyar da shi a makarantun fim.

Anti Edita: Don yadda ya haɗa hotuna ake koyar da shi malam, je ka sake kallon wurin matakalar birnin Odessa a fim ɗin ka ga yadda yanka hotuna da haɗa su ke ɗaga hankali.

Baban Labari: Ni a sanina farfaganda sai mai mulki ke yin ta, shi ke da kuɗi da gidan talabijin, ɗalibin da ya ari kyamara me zai farfaganda?

Anti Edita: A ina ka karanta haka Yaya?

Baban Labari: Ba sai an karanta ba, kowa ya sani. Ke dai tunda kika fara koyarwa kullum bayan malamai kike bi.

Anti Edita: Yaya kar ka kawo aikina cikin maganar nan, ni ban taɓa naka ba.

'Yar Sauti: Sembène, daraktan nan ɗan Senegal, ma ya sa murya a fim ɗinsa Borom Sarret na 1963, labarin wani mai amalanke, amma tunanin mai amalanken ne muke ji a ransa har aka ƙwace masa amalanke, ba wani ne daga gefe ke yi mana huɗuba ba. Muryar wa ka sa a naka?

Mai Kyamara: Kun gani, Sembène ma ya sa murya, magana ta ƙare.

'Yar Sauti: Ba haka na ce ba fa.

Ɗan Aji Uku: Ni maki nake tambaya, ba wanda ya ce ma in turo fim ɗin ya kalla.

Mai Kyamara: Bari in taƙaita tunda dare ya yi. Mafi yawanmu mun yarda fim ɗin ba farfaganda ba ne, manyan daraktoci ma sun sa murya, Anti ce kaɗai ta tsaya wa malamin kuma mun san dalili. Ƙanina ka rubuta takarda a sake duba maka makinka, kar ka cire komai.