Neman Hausar kalmar pollinator kafin jibi

Malamar aji biyar, karkarar Jahun: Assalamu alaikum. Jama'a ku agaza mini, lokaci ya ƙure. Jibi ne 20 ga Mayu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa ƙudan zuma tun 2017, kuma shugaban makarantarmu ya ɗora mini yi wa yara da iyayensu mata bayani a ƙarƙashin darbejiya. Takardar da aka aiko da Turanci take. Na juya komai zuwa Hausa, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: pollinator. Ma'ana duk wata halitta da ke ɗaukar garin nan na cikin fure ta kai wa wani furen har a samu 'ya'ya, ƙudan zuma ne, malam-buɗe-littafi ne, ko jemage.

Ba don takardar kawai na damu ba. Bara da damina na shuka kabewa a garkar bayan ɗakina, ta yi yaɗo har ta haye danga. Kullum da sassafe furen zai buɗe, ƙudan zuma su cika shi da gunji, kafin rana ta take ya rufe. Sai tsutsa ta faɗa wa wakena, na karɓo maganin feshi na fesa da hantsi. Kwana da kwanaki ban ƙara jin gunjin nan ba. Gunda ta riƙa yin rawaya tana zubewa tun tana kamar ƙwan kaza, kabewa biyu tak na ɗauka a wannan yaɗo. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma shi nake so matan nan su fahimta. To da wane suna zan kira waɗanda na kora?

Mai dabino, Dutse: Wa alaikumus salam Malama. Ai kalmar tana nan, barbara. Mu nan da sanyi ya shigo dabino ya fasa kwanso, sai mu hau namijin mu yanko zangarniyarsa, mu ɗaura a cikin ta macen. Namiji ɗaya ya ishi mata da dama. Tun kakanninmu barbarar dabino ake cewa. Ki ce masu barbarar fure, an gama.

Malamar aji biyar: Na gode Alhaji, ita ta fara zuwa mini. Amma ka san yaran ƙauye. Ina furta barbara, bunsuru da akuya za su gani, aji ya kaure da dariya, ga kuma iyayensu mata a zaune har da surukata. Nauyin kalmar nake ji.

Ɗalibin aikin gona: Anti ki ce folineta kawai, ki bi shi da bayani. Yaran nan in sun shiga sakandare da Turanci za su rubuta jarrabawa, gara kunnensu ya saba tun yanzu. Ai haka muke cewa injin, fanfo, yuriya, kuma ba wanda ya rikice.

Tsohon malamin Hausa: Folineta! Yaro, shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da harshen nan, ban taɓa yarda a ɗauko bare alhali ɗan gida yana zaune ba. Injin baƙo ne, ya zo da sunansa, mun karɓe shi. Ƙudan zuma fa? Da jirgi aka kawo shi? Yana shiga furen kabewa a ƙasar nan tun Bature bai san hanyar Kano ba.

Malama, ki saurara. Garin nan da kike ta kewayawa kina cewa garin cikin fure, yana da suna. Bununi. In gero ya fitar da kai ya yi wannan ƙurar mai rawaya, manomi cewa yake gero ya yi bununi. To harshenmu yana da hanyar raɗa suna daga aiki: dafa-duka, hana-salla, ci-rani. Tsuntsun nan ma ɗan ƙarami mai siririn baki da ke shawagi a furen kauci, sha-kauci aka ce masa. A kan wannan ƙa'ida na ce kai-bununi. Gajere, namu, ba nauyin baki a gaban suruka.

Ma'aikaciyar gidan rediyo: Allah ya ƙara girma Baba, bununi ta burge ni, na rubuta ta. Amma kai-bununi ba za ta zauna a kunne ba. Mai sauraro bai san ko kai na jiki ba ne, ko kai na wakilin suna, ko kai na kaiwa. Kuma yaya jam'inta? Malama tana maganar halittu da yawa ne.

Tsohon malamin Hausa: Dafa-duka tana da jam'i? In kai ne ya dame ki, a ce ɗau-bununi.

Ɗalibin aikin gona: Baba ka yi haƙuri, ni a birni na tashi kuma yau na fara jin bununi. In sai an fassara mini fassarar, ina amfaninta?

Tsohon malamin Hausa: To ka ji ciwon da nake faɗa. Ɗalibin noma, a jihar gero, bai san bununi ba, amma ya san folineta. Laifinka kaɗan ne, na waɗanda suka koya muku cewa ilimi sai ya zo da Turanci ya fi yawa. Yaran Malama a Jahun sun san bununi tun kafin su san harafin ba, shi ke manne musu a riga in an aike su gona.

Ɗalibin aikin gona: Ba raina Hausa na yi ba Baba. Amma a ajinmu ba wanda aka taɓa ba maki don ya san sunan abu da Hausa. Kuma duk lokacin da ɗan birni ya buɗe baki sai a ce masa ba Bahaushe ba ne. Wannan ma yana korar mutane daga harshen.

Wani daga Ringim: In ana gudun barbara kuma ana gudun Turanci, me zai hana a ɗauko ta Larabci? Talƙihi. Mai yin aikin kuma mulaƙƙihi. Ai ta fi mutunci, kuma rabin kalmominmu na ilimi can suka fito.

Tsohon malamin Hausa: Aro aro ne, ko daga gabas ko daga yamma.

Wani daga Ringim: Haba Malam. Kai da kake cewa harafi, ƙa'ida, jam'i, ilimi, daga ina suka zo? Ko littafin da ke cikin sunan malam-buɗe-littafi?

Tsohon malamin Hausa: Waɗannan sun yi ɗaruruwan shekaru suna cin tuwonmu, sun zama 'yan gida. Mulaƙƙihi jiya ya sauka. Je ka kasuwar Maigatari ka furta ta, ka ga ko mutum ɗaya zai waiwayo.

Malamin Islamiyya: Ku dakata kaɗan. Ni da nake karantar da Larabci ba zan ba Malama shawarar mulaƙƙihi ba, matan ba za su gane ba. Abin da nake so in tuna muku shi ne, a Suratul Hijri aya ta 22 an siffanta iskoki da wannan aiki, kuma na sha jin malamai a zauren tafsiri suna cewa iskoki masu barbara, a cikin azumi, maza da mata suna saurare. Haka hadisin manoman dabinon Madina, barbarar dabino ake fassara shi. Kalmar da ta shiga masallaci ba ta yi wa makaranta nauyi ba. Malama, in kika fara da ayoyi na 68 da 69 na Suratun Nahli a kan ƙudan zuma, sannan kika kawo kalmar, wallahi ba yaron da zai yi dariya.

Mai dabino, Dutse: Allah ya saka da alheri Malam. Abin da na faɗa tun farko ke nan.

Tsohon malamin Hausa: Allah gafarta Malam, ban musa ba. Amma barbara sunan aikin ne. Malama sunan mai aikin take nema. In an bi ƙa'ida mabarbari za a ce, jam'i mabarbara. Wa zai tsaya gaban mata ya ce ƙudan zuma mabarbari ne?

Ma'aikaciyar gidan rediyo: Ba dole sai kalma ɗaya ba Baba. Masu barbarar fure ta isa. Mu a wurin aiki mun ga yadda abin yake tafiya. An yi ta fama da na'ura mai ƙwaƙwalwa, jama'a suka zaɓi kwamfuta. Amma yanar gizo ta zauna daram kusa da intanet, don hoton da ke cikinta ya shiga ran mutane. Ba mu muke yanke hukunci ba, bakin jama'a ne.

Tsohon malamin Hausa: Bakin jama'a ku kuke cusa masa. Da kun riƙe na'ura mai ƙwaƙwalwa shekara goma ba sassauci, da ta zauna. Kuka gaji kuka saki. Gidajen rediyo su ne suka fi kowa cika mana kunne da Hausar da aka yi tunaninta da Turanci.

Ma'aikaciyar gidan rediyo: Wannan magana ta yi mini zafi Baba. Labari yakan zo mana saura minti goma a shiga, ba wanda za mu tambaya. Ku da kuka sani, in an gayyace ku shiri sai ku ce ba lokaci.

Mai amya, Birnin Kudu: Don Allah a bar faɗan nan, Malama tana jira. Ni amya goma sha biyu gare ni a kan ɗorawa da kuka, bari in faɗi abin da nake gani. Da hunturu mangwaro ke huda, kuma in ka tsaya ƙarƙashinsa za ka ga ƙudaje na gida sun fi ƙudan zuma yawa a kai. Da rani ɗorawa ta saki jan furenta mai kama da tuntu, da dare jemagu ne ke kanta, da asuba ƙudan zumana su karɓa. Yanzu da bazara, shamuwa ta riga ta sauka a garinmu, kuka na shirin fure. Nata fari ne, da magariba yake buɗewa yana reto a doguwar igiya, kuma jemage ne mai aikinsa. Yaran da ke harbin jemage da gwafa ba su san shi ke ba su garin 'ya'yan kukar da suke sha a kunu ba. In damina ta yi nisa gero ya yi bununi, ƙudan zuma na dawowa da ƙullin rawaya a ƙafafunsu na baya. Amma gero da masara iska ce ke yi musu aikin, ƙudan abincinsa kawai ya je ɗiba.

To ga tambayata ga Baba malami. Bununi a wajenmu na gero ne da dawa da ciyawa. Ban taɓa jin an ce bununin kabewa ko bununin kuka ba. In aka ce kai-bununi, manomi gero zai tuna, wanda kuma shi ne bai buƙatar ƙwaro.

Tsohon malamin Hausa: Tambaya ce ta mai hankali. Kalma tana faɗaɗa. Jirgi da na ruwa ne kawai, yau ga na ƙasa ga na sama. Waya ƙarfe ce, yau tana aljihunka ba ko zare. Bununi ma zai iya ɗaukar kabewa in mun ɗora masa.

Mai amya, Birnin Kudu: Zai iya. Amma ba kafin jibi ba.

Ɗalibin aikin gona: Na janye folineta. Anti, ki ƙara musu wannan: kabewa fure biyu gare ta a yaɗo ɗaya. Na macen yana da 'yar gunda a gindinsa tun kafin ya buɗe, na namijin siririn kara ne kawai. In ƙudan zuma ya yi ƙaranci, a tsinko na namijin da sassafe, a cire ganyen furen, a goga tsakiyarsa a cikin na macen. Haka kankana da gurji. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan kashi uku cikin huɗu na ire-iren amfanin gona da ake ci suna dogara da irin waɗannan halittu, ko da kaɗan ne.

Malamar aji biyar: Allah ya saka wa kowa. Na kwana ina juya maganganunku, ga inda na tsaya. Garin cikin fure zan ce masa bununi, na karɓi wannan daga Baba da hannu biyu, kuma da safen nan na gwada a kan yara uku, biyu sun san shi daga gero, da na nuna musu furen kuɓewa suka gane nan take. Aikin kuwa barbarar fure, zan shigo da shi ta ƙofar da Malamin Islamiyya ya nuna. Halittun kuma masu barbarar fure. Kai-bununi ban saka a takarda ba Baba, ka gafarce ni, na karanta wa maƙwabciyata sai ta ce wa nake kira.

Tsohon malamin Hausa: Kin ɗauki rabi kin bar rabi. Masu barbarar fure bayani ne, ba suna ba ne, kuma kalma uku ba ta daɗewa a bakin mutane, za ku ga folineta ta dawo ta taga. Amma tunda bununi ya shiga aji, ba zan ce na tashi a banza ba. Ni dai jikokina kai-bununi za su ji a bakina.

Mai amya, Birnin Kudu: Malama kar ki manta da maganar feshin. Ki ce wa matan in ya zama dole, su bari sai bayan la'asar sakaliya, furen kabewa ya rufe ƙudan ya koma amya. Kuma a wannan zafin su ajiye ruwa a kasko a gindin danga, su jefa 'yan tsakuwa a ciki don ƙudan ya samu wurin tsayawa.