Tambaya: marubutan littafin yara da suka rubuta labarin yarintarsu

Malamar Aji Biyar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyarwa a wata firamare a Tudun Wada, yarana sun karanta Magana Jari Ce sun ji daɗinta sosai, to yanzu kullum tambayarsu shi Abubakar Imam ɗin yaya yake yana yaro, ya yi makarantar allo, an taɓa zane shi? Don Allah akwai inda ya ba da labarin kansa yadda yaro zai iya karantawa?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam Malama. Akwai Abubakar Imam Memoirs, Abdurrahman Mora ne ya tace, kamfanin buga littattafai na NNPC Zariya suka buga a 1989, shi kuwa Abubakar Imam ya rasu tun 1981. Amma fa da Turanci ne kuma na manya ne, zancen aikin Gaskiya Ta Fi Kwabo da harkokin Arewa ya fi yawa, ɗan aji biyar ba zai je ko'ina ba. Sai dai ki tsakuro musu farkon, haihuwarsa a Kagara a 1911 da karatunsa a Katsina, ki ba su da baki.

Anti daga Barnawa:
Malama irin wanda kike nema Roald Dahl, wani marubucin Birtaniya, ya yi, sunan littafin Boy, 1984. Ba ya wani dogon bayani, kawai abin da yaro ke riƙewa a ransa, yadda shi da abokansa suka sa mushen ɓera cikin kwalbar alawar wata mai shago da suka tsana, hedimasta ya tsattsala musu bulala, mahaifiyarsa ta ga shatar a jikinsa ranta ya ɓaci ta tafi har wajen hedimastan. Wallahi ɗana da baya son karatu sai da ya kai ƙarshe. A nan gida kuma akwai My Father's Daughter na Mabel Segun, 1965, shi ma don yara ta rubuta.

Malamar Aji Biyar:
Na gode ƙwarai Anti, zan nemi na Mabel Segun. Amma abin na damuna gaskiya, duk Turanci ne. Marubutanmu na Hausa don Allah ku rubuta wa yaran nan yarintarku, tashe, langa, tsallen kwata a hanyar islamiyya, ranar da aka fara kai ku boko kuna kuka. Ni zan fara saye wa ajina.