Tsohon Injin Dizal Ko Sabo: Abin Da Masu Jif Suka Ce

Direbobi da makanikai da dama sun fi karkata ga tsohon inji, irin 1HZ na Land Cruiser ko 5L na Hilux. Famfon da ke tura musu mai ba ya dogara da kwamfuta, suna jure gurɓataccen mai, kuma makaniken ƙauye ma zai iya gyara su. Sai dai ba su da ƙarfin gudu, ga hayaƙi.

Sababbi irin 1KD da 1GD na Hilux da Prado sun fi ja da tsimin mai, amma ruwa kaɗan a tanki kan lalata nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, kuɗin canjinsa kuwa ba wasa ba ne. Ni dai ina ganin mai yawan shiga daji ya riƙe tsohon. Kowanne za ka saya, a tayar maka da shi da sanyin safiya, ka duba hayaƙinsa.