Neman agaji: me za mu kira villi da Hausa?

Mai Shirin Lafiya:
Salamu alaikum jama'a. Gobe ƙarfe 4 na yamma ina da shiri a rediyo kan yadda jiki ke narkar da abinci, likitan ya turo bayaninsa da Turanci na fassara kusan duka. Yawu, maƙogwaro, tumbi, matsarmama, babu wanda ya ba ni wahala. Inda na maƙale shi ne villi, waɗannan ƴan mitsi-mitsin abubuwa da suka lulluɓe ƙaramin hanji ta ciki, su ne ke zuƙe abincin da ya narke su miƙa wa jini. Tsawon kowanne bai fi kamar milimita 1 ba. Dan Allah a taimaka kafin dare.

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Gashin hanji mana, ai kalmar a Latin ma ma'anarta gashi ne.

Malamin Bayoloji:
Hajiya na gwada gashin hanji a aji, bai yi ba. Yara sai su ɗauka abu ne marar rai irin gashin kai, alhali kowane ɗaya akwai siraran jijiyoyin jini a cikinsa, sukari da abin da nama ko wake ya narke ya zama ta nan suke shiga su wuce hanta tukuna, shi kuma maiƙo akwai wata hanya daban a tsakiya da yake bi. Ni yatsun hanji nake ce musu don siffarsu ke nan. Ƙaramin hanjin kamar mita 6 ne, amma da su da lanƙwashe-lanƙwashen bangon da wasu zarurruka mafi ƙanƙanta da ke jikin kowannensu sai filin da ke zuƙar abinci ya kai wajen murabba'in mita 30.

Ɗan Mahauta:
Malam in dai na gane, ai irin tawul ne na kayan ciki.

Malamin Bayoloji:
Tawul ɗinku tumbin saniya ne ba hanji ba, amma wlh misalin ya yi, yadda tawul ke shanye ruwa saboda ƴan zarurrukan nan nasa haka abin yake.

Mai Son Nahawu:
Duk kwatance kuke yi, ba ku ba da suna ba. Hausa tana da hanyarta, buɗe ya ba mu mabuɗi, goge ya ba mu magogi. Aikinsu tsotsa ne, toh matsotsi, jam'i matsotsai. Matsotsan hanji. Shekara biyu ina amfani da ita a rubutuna, ban ga abin da ya fi ta ba.

Uwar Biyu:
Malam rediyo fa aka ce ba takarda ba. Ka faɗi matsotsan hanji da sauri ka ji, tsohuwa a ƙauye tsutsotsin hanji za ta ji, gobe ta aika kemis a sayo maganin tsutsa.

Mai Son Nahawu:
Sai mai gabatarwa ya furta da kyau. Yau yatsun hanji, gobe ƙafafun ƙoda, haka za a yi ta tafiya har a ce Hausa ba ta iya ɗaukar kimiyya.

Ba'are Daga Nijar:
Mu a makaranta villosités aka koya mana da Faransanci, amma a gida ba wanda ya san ta. Ku dai na Najeriya kar ku zo ku ce bilai, kun saba narka Turanci ku kira shi Hausa.

Ɗan Birni:
Kai ɗan uwa, ku da kuke cewa lakwal da mushe? Kowa da aronsa. Kuma in an ce bilai ɗin mene ne laifi, asibiti da likita ba aro ba ne, wa ya taɓa ƙorafi?

Ba'are Daga Nijar:
Likita kowa na ganinsa da ido shi ya sa sunan ya zauna. Wannan abin a cikin ciki yake, in sunan bai nuna komai ba mai sauraro ya tashi a tutar babu.

Mai Son Nahawu:
Abin da nake faɗa ke nan, matsotsai tana nuna aikin.

Mai Shirin Lafiya:
Jama'a a yi haƙuri isha ta yi, ni rubutu zan miƙa. Malam na karanta wa mahaifiyata duka biyun ban yi mata bayani ba, matsotsai ta ce Allah ya raba mu da su, yatsun hanji ta tambaya me suke kamawa. Wannan tambayar nake so mai sauraro ya yi. Zan ce yatsun hanji, in kawo misalin tawul, sannan in ce aikinsu tsotse abinci ne. Na gode ƙwarai.

Mai Son Nahawu:
Toh shi ke nan, don rediyo ne na yi shiru. A littafi dai ba zan rubuta yatsu ba.

Malamin Bayoloji:
Ka tuna ka ce ƙaramin hanji, kar ka ce hanji kawai, babban hanji ba shi da su, shi ruwa da gishiri ya fi shanyewa.