Shin ƙwayoyin T na iya balaga a hanji ba tare da taimus ba?

Hauwa'u, ɗalibar kimiyyar gwaje-gwajen asibiti:

Assalamu alaikum, malamaina. A aji an koya mana cewa ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira T daga ɓargo suke fitowa, sannan su wuce taimus, gaɓar nan da ke bayan ƙashin ƙirji, inda ake horar da su, a kuma halaka waɗanda za su iya afka wa jikin mai su. Harafin T ɗin ma daga sunan gaɓar aka ɗauko shi. To amma jiya na ci karo da bayanin cewa wasunsu suna balaga a bangon hanji ba tare da sun bi ta taimus ba. Shin maganar tabbatacciya ce, ko kuwa tsohon ra'ayi ne da aka riga aka ajiye?

Dakta Lawal:

Wa alaikumus salam, Malama Hauwa'u. Maganar tana da tushe, kuma tushen nata ɓera ne. A shekarar 1961 Jacques Miller ya nuna a Landan cewa idan aka cire wa jaririn ɓera taimus, garkuwar jikinsa takan durƙushe. Shekara guda bayan haka aka ga wani ɓera marar gashi a Gilasgo, wanda a 1968 aka gano cewa irinsa ba a haifarsu da taimus mai aiki. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, idan aka yanka ƙaramin hanjin irin wannan ɓera aka duba a madubin likita, sai a tarar da ƙwayoyin T a maƙale tsakanin ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin hanjin, yawancinsu nau'in gama-delta (ƙwayoyin T nau'i biyu ne, gama-delta da alfa-beta, gwargwadon irin na'urar da suke gane abokin gaba da ita). Tunda babu taimus, daga ina suka zo?

A 1991 Delphine Guy-Grand da Benedita Rocha da abokan aikinsu suka kawo hujjar cewa hanjin da kansa yana da hannu a tarbiyyarsu. Daga baya, a 1996, ɗakin binciken Hiromichi Ishikawa na Jami'ar Keio da ke Tokiyo ya bayyana wasu ƙananan dunƙule-dunƙulen ƙwayoyi ɗanyu a gindin ramukan bangon hanjin ɓera, kuma a 1998 suka ba da rahoton cewa da aka dasa waɗannan ƙwayoyi a jikin ɓerayen da ba su da garkuwa, sai ƙwayoyin T suka bayyana a hanjinsu.

Malama Zainab, mai bincike kan garkuwar jiki:

Dakta, da izininka zan ɗora daga inda ka tsaya, domin idan Hauwa'u ta tsaya a 1998 za ta tafi da rabin labari. A 2003 ita Guy-Grand ɗin da kanta ta sake duba batun, ta hanyar ɓerayen da ƙwayoyinsu ke ba da koren haske a daidai lokacin da suke harhaɗa na'urar gane abokin gaba. A ɓeran da ba shi da taimus, hasken ya fi bayyana ne a kaluluwar da ke kewaye da hanji, ba a cikin dunƙule-dunƙulen ba. A ɓera mai lafiyayyen taimus kuwa, hanyar balaga a wajen taimus kusan a rufe take. A 2004 Gérard Eberl da Dan Littman a birnin New York suka bi diddigin zuriyar ƙwayoyin, suka nuna cewa ƙwayoyin T nau'in alfa-beta na hanji daga taimus suka fito.

Duk da haka, a ganina kuskure ne a ce hanji masauki ne kawai. Akwai binciken da ya nuna cewa taimus yana sakin wasu ƙwayoyi tun ba su balaga ba, su ƙarasa balaga a hanji, inda sinadarin IL-15 da bangon hanjin ke fitarwa yake raya su. Hatta abinci yana da tasiri: a 2011 rukunin Marc Veldhoen a Kambirij ya gano cewa ɓerayen da aka hana wa wasu sinadaran da ke cikin dangin kabeji sun rasa yawancin waɗannan ƙwayoyi. Kada dai wani ya fahimci cewa cin kabeji yana haifar da ƙwayoyin T; tsare waɗanda suka riga suka iso yake yi, kuma a ɓera aka gani.

Dakta Lawal:

Na karɓi gyaran, Malama. Ta fuskar ɗan Adam ma hujja tana tare da ke. Jariran da ake haifa babu taimus kwata-kwata, kamar masu nau'i mafi tsanani na cutar DiGeorge, kusan ba a samun ƙwayoyin T a jininsu, kuma hanjinsu ba ya cike wannan giɓi. Shi ya sa Louise Markert ta Jami'ar Duke ta shafe shekaru tana dasa musu yankakken taimus a cikin naman cinya, maganin da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2021.

Hauwa'u:

Allah ya saka muku da alheri, malamaina. Wata tambayar ta taso mini: jariran da ake cire wa taimus yayin tiyatar zuciya fa, an taɓa ƙirga ƙwayoyin T na hanjinsu bayan sun girma, ko kuwa na jini kaɗai ake aunawa?