Samanja: wasa ya yi, ko kansa ya nuna mana?

Ɗan Tudu: Jama'a, a yi mini haƙuri, amma ban yarda marigayi Usman Baba Pategi gwanin wasan kwaikwayo ba ne. Soja ne na gaske tun zamanin yaƙin basasa, sai ya sa kaki ya fito a soja cikin Samanja Mazan Fama. To ina kwaikwayon? In gwani ake nema, a kawo Kasimu Yero.

Hajiya Babba: Kai ɗan nan, da sassafe za ka taɓo mana Samanja? Allah ya jiƙansu duka biyun.

Tsohon Kofur: Amin, Hajiya. Yaro, da ka taɓa tsayawa fareti da ba ka faɗi haka ba. Samanjan gaske ba abin dariya ba ne. In ya taho da sanda a hammata, ya tsaya yana duban takalminka bai ce uffan ba, cikinka ne zai ɗuri ruwa. Wannan mutumin da ake tsoro shi Pategi ya ɗauko ya mai da shi abin raha, soja na dariya, farar hula na dariya, kuma a gidan talabijin na gwamnati, NTA Kaduna, a shekarun da sojoji suka fi daɗewa kan mulki. Da ya zarce kaɗan, ya ci mutuncin kaki. Da ya rage kaɗan, babu mai dariya. Sojoji dubu nawa suka bar aiki? Me ya hana su yi?

Ɗan Tudu: Baba, na ji. Amma har Hausar tasa fa ba ƙirƙira ba ce. Banufe ne daga Pategi ta jihar Kwara, dole harshe ya karkace.

Tsohon Kofur: A'a. Hausar bariki daban, karkacewar harshe daban. Ya san inda zai jefa Turancin buroka, ya san inda zai yi tsawa ya ɗan dakata kafin ya ƙarasa. Wannan dakatawar ita ce sana'ar.

Malamar Adabi: Ni ina tsakiya, amma na fi karkata ga Ɗan Tudu ta fuska ɗaya. Kasimu Yero ya fito a Uncle Gaga cikin Cock Crow at Dawn da Turanci, ƙasa duka na kallo a shekarun 1980, ya yi Karambana da Hausa, ya kuma fito a Magana Jari Ce da aka ɗauko daga littafin Abubakar Imam. Mutum ɗaya, fuska iri-iri. Wannan faɗin ba mu gan shi wajen Samanja ba.

Yayan Gida: Malama, ba mu gani ba ko ba a ba shi ba? Na ɗan taɓa wasan dandamali a makaranta, na san yadda abin yake. Ranar da ka fito a mugun kawu 'yan kallo suka yi tafi, shi ke nan, duk wasan da za a yi kai ne mugun kawu. Mai shiri ba ya son asara. Balle wanda ya faro daga rediyo, inda murya kaɗai ce jarinka: da ya buɗe baki an gane shi. Ko rawanin sarki aka naɗa masa, mutane jira za su yi ya daka tsawa.

Malamar Adabi: Wannan gaskiya ne, Yaya. Amma uzuri ne ka kawo masa, ba hujja ba. Abin da ɗan wasa ya yi ake aunawa.

Hajiya Babba: Ku dai kuna ta awo. Kasimu ya rasu a 2017, Samanja a 2023, duka a Kaduna. Da labarin na biyun ya zo, mutane da yawa a ranar suka fara jin sunansa na yanka. Ni kaina sai da jikata ta karanto mini.

Ɗan Tudu: Ai Hajiya kin ƙara mini ƙarfi ke nan. Rawa ɗaya ya taka har ta haɗiye sunansa.

Yayan Gida: Ko kuwa ta zauna masa ne har aka manta wasa ake yi. Ƙanena, ka nemo tsohon faifan shirin ka kalla tukuna, ka lura da idonsa lokacin da wani ke magana shi yana shiru.

Ɗan Tudu: Zan nema. Wa ke da shi a cikinku?